Mai Ƙaramin Jari a Kano, Fim ɗin Fatalwa Ya Kamata Ya Yi

Duk wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yake son ya yi fim a Kano wanda za a zauna a kalla har ƙarshe, shawarata gare shi ita ce ya ƙyale soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, ya yi fim ɗin fatalwa. A Zoo Road, inda ofisoshin 'yan fim suka fi yawa, da zarar an ambaci fim ɗin ban tsoro abu biyu ake kawowa: ko a ce Hukumar Tace Fina-finai ba za ta bari ba, ko a ce sai an kashe kuɗin kwamfuta irin na Amurka. Dukkansu biyun an zuzuta su fiye da kima.

A duba lissafin. Fim ɗin soyayya yana son katafaren gida a Nasarawa, da hayar motoci, da canjin kaya a kowace fitowa, da waƙa biyu ko uku, da jarumin da sunansa kaɗai zai cinye rabin jari. Fim ɗin fatalwa gida ɗaya yake so, da mutum biyar ko shida, yawancinsu da kayan barci, kuma ya fi kyau idan mai kallo bai san fuskokinsu ba, domin wanda aka saba ganin yana rawa a fim goma ba a yarda wani abu zai same shi. Fim ɗin Paranormal Activity da aka yi a Amurka a 2007, a gidan daraktan aka ɗauke shi, da kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Gaskiya ne babban kamfani ne ya karɓe shi daga baya ya zuba masa kuɗin talla, don haka kada wani ya fara mafarkin miliyoyi. Darasin da ke ciki ɗaya ne: ƙofar ɗaki da ta motsa da kanta ta isa ta hana mutum barci. Masu kallon ma akwai su a nan. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, komai ya koma waya da YouTube, kuma fina-finan ban tsoro na Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa suna cikin abin da masu tura fim ke zuba wa mutane. Namu ne suka yi ƙaranci.

Waɗanda aka ɗan gwada kuwa, abin dariya suka zama. Kowa ya san tsarin: a yafa wa mutum farin ƙyalle, a shafa masa hoda har kunne, a sa masa jan ido a kwamfuta, ya yi ta ƙyaƙyata dariya mai amsa-kuwwa, sai walƙiya ta haska ya ɓace. Yara ma ba sa jin tsoronsa, kwaikwayonsa suke a lungu. Matsalar ba rashin kuɗi ba ce. An nuna abin da ya kamata a ɓoye ne, kuma an nuna shi tun a minti na biyar.

Maganar aƙida ita ce mai nauyi, ba a kuma yi mata gaggawa. Musulmi bai yarda mamaci yana dawowa duniya ba. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Saboda haka fim ɗin da zai tabbatar wa mai kallo cewa Alhaji wane ya taso daga kabari yana yawo a gida, ya saɓa wa abin da mutanen garin nan suka yi imani da shi, kuma hukuma tana da hujja idan ta tsayar da shi. Amma wannan iyakar gata ce ga marubuci, ba takura ba. Idan mamaci ba ya dawowa, to wane ne ake gani a bakin rijiya da irin tafiyarsa da irin tarinsa? Amsa uku ke akwai, kuma duk Bahaushe ya san su. Ko aljani ne ya ɗauki siffarsa. Ko zuciyar mai laifi ce take nuna masa, ko ciwo, ko dannau. Ko kuwa mutum ne ɗan'uwanka yake shirya abin don wata bukata tasa. Fim ɗin da ya iya riƙe waɗannan ukun a raye har zuwa minti goma na ƙarshe, ya samu abin da baƙon fim ba zai iya ba mu ba. Kuma Suratul A'araf, aya ta 27, ta riga ta ba mai ɗaukar hoto ƙa'idarsa: suna ganinku ta inda ba kwa ganinsu.

Abin da ke dawowa a wurinmu ba gawa ba ce, hakki ne. Kafin a sallaci mamaci a Kano sai an yi sanarwa cewa duk mai binsa bashi ya ga wane. Hadisi ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta ce masu cin dukiyar marayu wuta suke ci a cikkunansu. Wannan shi ne tsoron da yake cikin jinin mai kallonmu, kuma kotunan shari'a na garin nan cike suke da rigimar gado. Marubucin da ya bar wannan ya tafi aron aljanar Indiya mai dogon gashi ya yi asara.

Akwai kuma wata matsala da kowane fim na gida mai ban tsoro yake fama da ita: me ya hana mutanen gidan su tattara su bar shi? Turawa sai sun ƙirƙiro ƙanƙara ko lalacewar mota. Mu muna da takaba. Matar da mijinta ya rasu za ta zauna a ɗakinta wata huɗu da kwana goma, kuma babu mai kallon da zai tambayi dalili.

Ga misalin yadda za a gina shi. Tsohon gida ne a cikin birni, mai zaure biyu da rufin azara, da tsakar gida, da rijiyar da aka rufe da kankare tun da aka ja famfo. Maigida ya rasu, an yi sadakar bakwai, baƙi sun watse. Matarsa tana takaba da 'yarta mai shekara tara. Ƙanen mijin yana ta zarya da dillalai, yana so a sayar a raba, kuma akwai wata amana da marigayin ya riƙe wadda mutum biyu ne kawai suka san da ita. Dare na farko babu abin da zai faru. Dare na biyu, an ɗauke wuta, uwa da 'ya suna kwance, sai a ji guga ya faɗa ruwa, sannan ƙarar igiya tana goga bakin rijiya, a hankali, ja ɗaya bayan ɗaya.

"Umma, wa yake jan ruwa?"

"Ba kowa. Yi addu'a ki kwanta."

"Baffa ne?"

"Na ce ki kwanta."

Kyamara tana kafe wuri ɗaya a cikin ɗaki, tana kallon labulen ƙofa, ba a yanka ba har daƙiƙa arba'in. Ba a fita tsakar gida ba, ba a nuna kowa ba. Da safe matar ta fito shara, ta tarar da kankaren yana nan yadda yake, amma ƙasar da ke kewaye da shi jiƙe take. Abin da wannan fitowar ta ci shi ne bokitin ruwa ɗaya da sautin guga da aka naɗa a wata rijiyar daban da rana tsaka. Mai kallo kuwa ya riga ya shiga hannu, don shi da kansa zai fara lissafi: aljani ne, ko ƙanen miji ne yake son ya firgita ta ta amince da ciniki, ko ita ce ta san abin da ta sani?

Tunda abin tsoron a kunne yake, sauti ne ya kamata ya fara cin kuɗi, kuma shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a masana'antar nan. Makirufon da ke jikin kyamara ba ya aiki. A samu na sanda, a riƙe shi a saman kan mai magana, kada nisansa da baki ya wuce kamu ɗaya da rabi, a haɗa da rikoda daban da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya sa abin ji a kunne ya saurara, kuma yana da ikon cewa a sake. A kowane ɗaki, kafin a kwashe kaya, kowa ya yi tsit a naɗi shirun ɗakin na minti biyu. Shirun zaure daban, na uwar ɗaka daban. Wanda bai naɗa ba, idan ya zo tacewa, wato harhaɗa fim ɗin a kwamfuta, zai ji sautin yana tsalle duk inda aka yanka, kuma wannan tsallen shi ke tuna wa mai kallo cewa fim yake kallo.

Cikin birni ba ya shiru sai dare ya raba. Da rana akwai adaidaita sahu, da injin markaɗe, da masu talla, da lasifikar biki. Abin da ake da shi na gaske shi ne daga wajen sha ɗaya na dare zuwa kiran assalatu na farko, awa biyar ke nan ko ƙasa da haka. Janareta kuwa abokin gaba ne. Idan dole ne, a kai shi nesa da mita arba'in, bayan katanga, a ja waya mai kauri. Kada a kuskura a shigar da shi zaure a rufe don a rage ƙara. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, haka ma garwashin da ake kunnawa a rufaffen ɗaki don a samu hayaƙi a hoto.

Sai a tuna da abin da za a kalli fim ɗin a kai. Lasifikar waya ba ta fitar da gurnani mai zurfi irin wanda ke girgiza kujera a silima, don haka duk wahalar da edita ya sha a kansa ta tafi a banza. Abin da waya ke fitarwa shi ne kukan ƙofar langa-langa, da takun silifa a kan siminti, da motsin tabarma, da faɗuwar murfin kwano, da tarin tsoho a bayan bango. Waɗannan a naɗe su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki mai labule da katifa. Dabarar da ta fi kowace arha ita ce ta gyare: a bar kukansa yana gudana a ƙarƙashin kowace fitowar dare har kunne ya manta da shi, sannan a yanke shi daƙiƙa biyu kafin abu ya faru. Mai kallo ba zai san me ya canja ba, gabansa ne kawai zai faɗi. Kiɗa kuma kamar yaji ne a miya, idan ya yi yawa shi kaɗai ake ji. Tsirkiya ɗaya ta gurmi ko kukuma da aka ja a hankali ta wadatar. Wanda ya ɗebo kiɗan wani fim na waje ya ɗora, na'urar YouTube za ta gano, kuɗin tallar ya koma aljihun mai kiɗan.

Haske shi ne wuri na biyu da ake faɗuwa. Mutane suna zaton fim ɗin dare a duhu ake ɗaukarsa. Idan aka yi haka hoton zai cika da ƙura-ƙura, idan kuma ya hau intanet aka matse shi, duhun ya zama tabo-tabo, mai kallon da ke zaune a shago da rana ba abin da zai gani sai fuskarsa a gilashin waya. Ana haskawa ne sosai, sannan a rage a wajen tacewa. Fitila uku masu batir sun isa ɗaki: ɗaya mai farin haske a waje tana shigowa ta taga a matsayin farin wata, ɗaya ƙarama mai ruwan ɗorawa a ɓoye kusa da fitilar ƙwai ko aci-bal-bal don ta ƙara mata ƙarfi, ɗaya a bayan jarumi sama kaɗan, ta zana gefen fuska da kafaɗa. Wannan ta ukun ita ce ba a wasa da ita, domin baƙar fata a gaban bangon ƙasa da dare narkewa take cikin bango idan ba a raba su ba. Kada a dalle fuska daga gaba. A jefa hasken a jikin farin zani ya dawo mata, ya fi taushi.

A sa kyamara ta ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewarta ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, saboda wutar ƙasar nan hamsin take bugawa a daƙiƙa. Wanda ya bar ta a 30 irin na Amurka zai ga ƙwan fitila yana ƙyaftawa, layuka suna hawa da sauka. Ƙaramin janareta ma ba ya tsayawa daidai a hamsin ɗin, shi ya sa fitilar batir ta fi kwanciyar hankali. Gilashin kyamara mai lamba 50 da ke buɗewa zuwa 1.8 yana da arha kuma yana shan haske, sai dai idan aka buɗe shi duka, jarumi ya ɗan gusa taku ɗaya ya fita daga saiti. A manna alama a ƙasa inda zai tsaya. Kowane dare kafin a watse, a tura fitowa ɗaya cikin waya mafi arha da ke wurin, a rage haskenta zuwa rabi, a kalla. Abin da ba a gani a nan ba, ba a ɗauke shi ba.

Siddabarun da ake tsoron kuɗinsa, yawancinsa da hannu ake yi. Ƙofa da labule da kujera, zaren kamun kifi ne ke jan su, muddin ba a bar haske ya faɗa kan zaren ba. Idan ana son mutum ya bayyana a lungun ɗaki, a kafe kyamara kada kowa ya taɓa ta, a ɗauki ɗakin babu kowa, a sake ɗauka da mutumin a tsaye, edita ya haɗa. Abin da ke ɓata wannan shi ne wani ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamara, ko batirin fitila ya yi sanyi tsakanin ɗauka biyun. A bar siffar a can baya, ba a saiti ba, kada ta wuce daƙiƙa biyu, kuma kada jarumar ta gan ta. Mai kallo ne ya kamata ya gani shi kaɗai, ya rasa yadda zai gaya mata. Kwalliya toka da ɗan kwalli a ƙarƙashin ido sun fi hoda. Gilashin ido mai launi da ake saya a kasuwa a sa wa wannan a cire a sa wa wancan, hanyar ciwon ido ce. Jini kuwa, a wannan irin fim ɗin ban ga amfaninsa ba, ga shi yana jawo YouTube ta rage talla.

Rubutun labari kada ya wuce shafi 80, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Kwana goma sha biyu sun isa idan an tsara. Duk fitowar dare da ke cikin ɗaki da rana za a ɗauke ta, a toshe taga da ƙofa da baƙin yadi ninki biyu, in ya so maganganun da hayaniyar unguwa ta ɓata a sake naɗar su daga baya. Tsakar gida da lungu ne kawai ke bukatar dare na gaske, kuma dare ɗaya ba ya ba da fiye da shafi uku ko huɗu. Lokacin da ya fi shi ne Disamba da Janairu: dare ya yi tsawo, jarumi ba ya zufa ta wanke kwalliya, hazo kuma yana ba da hayaƙi kyauta idan haske ya ratsa shi. Illarsa ƙura ce, don haka kada a canja gilashin kyamara a waje. Daga Maris zuwa Mayu, toshe ɗaki a cika shi da mutum goma azabtarwa ce. Da damina ruwa a kan kwano yana kashe sauti, tsohon ginin ƙasa kuma ba abin amincewa ba ne. Idan ni zan raba jarin, kashi 35 cikin ɗari na 'yan wasa da ma'aikata da abincinsu, 20 na sauti, 15 na hayar kyamara da fitilu, 15 na tacewa, 5 na talla, 10 a ɓoye kada a taɓa sai abin da ba a zata ba ya taso, kuma zai taso. Abin da aka ɗauka kowace rana a kwafe shi a ma'aji biyu, su kwana a gida daban-daban.

Akwai abin da ba ya cikin littafin koyon fim amma ya fi komai hatsari a Kano. Mace ta ƙwalla ihu ƙarfe biyun dare a cikin lungu, maƙwabta da gora za su fito. Mutum ya gilma da fararen kaya a duhu, kafin ya ce fim ne an yi masa dukan ɓarawo. Tun kafin a kawo kaya a je wurin mai unguwa, a gaida limamin masallacin layin, a sanar da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda na yankin, a bi gida-gida na kusa. Ihu mai ƙarfi a naɗe shi a sutudiyo. A tsaya cak idan an kira salla. Mai gidan kuma a gaya masa gaskiyar labarin a rubuce, domin gidan da aka gani a fim ana cewa akwai aljanu, sunan zai bi shi, ɗan haya ya guje shi, 'ya'yan gidan su sha tsokana a makaranta. Maganin wannan shi ne kada a nuna ƙofar gidan ta gaske ko wata alamar layin. Maƙabarta kuwa a bar ta. Dandolo da Ƙofar Mazugal iyayen mutane ne ke kwance a ciki. Tudun ƙasa a gona a bayan gari, da fasassun tukwane a kai, ya wadatar. Yarinyar da ke cikin labarin a ɗauki firgitarta da rana, uwarta tana wurin, ba tare da an nuna mata komai ba.

Kayan labari kuwa garin nan ya fi ƙarfin a lissafa: Dala da tarihin Barbushe da Tsumburbura, tsamiya da kukar da ake hana yara zama ƙarƙashinsu da rana tsaka, kududdufan da aka cike aka yi gini a kai, almuru da ake kora yara cikin gida a rufe ƙofa da bisimilla, abin nan na Sumbuka, faɗuwar da aka danganta da aljanu, da ya auka wa 'yan mata a makarantun sakandare a tsakiyar shekarun 1990. Sai dai nan ne nake ganin masu sukar irin wannan fim suna da gaskiyar da ya kamata a saurara. Fim yana koyarwa ko bai yi niyya ba. Idan kowace faɗuwa a fim aljani ce, kuma maganinta a danne yarinya a yi ta zabga mata bulala, to za a yi wa mai farfaɗiya da mai ciwon ƙwaƙwalwa haka a gida, alhali akwai asibitin Dawanau da likitocin da aikinsu ke nan. Idan aka nuna tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a matsayin mayya, akwai tsohuwa irinta a kowace unguwa, kuma jifa ba ya bukatar shaida. Don haka a sa likita a cikin labarin wanda ba sakarai ba ne, a sa malamin da ke ruƙiyya da karatu kawai, wanda zai iya cewa wannan a kai ta asibiti. Boka mai jan ƙyalle da ƙahoni kuma ya gaji, a bar shi ya huta.

Saura hukuma. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma ta nuna ba ta wasa: a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Hukumar tace fina-finai ta tarayya ma a 2024 ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi. Furodusan da ya ce zai zagaye su don a YouTube zai saki, da jarinsa yake caca. Amma ita ma hukumar akwai abin da ake binta. Mai ƙaramin jari ba zai iya sake ɗaukar rabin fim ba bayan an gama, don haka a karɓi rubutun labari tun kafin a kunna kyamara, a amsa cikin mako biyu, a rubuce. Kuma a fitar da sharuɗɗan wannan nau'in a shafi ɗaya wanda kowa zai iya karantawa: ba a tabbatar da dawowar mamaci, ba a koyar da yadda ake tsafi dalla-dalla, ba a wasa da ayoyi ko likkafani, ba a ɗauka a maƙabarta, ba a nuna dukan mara lafiya a matsayin magani. Fim ɗin da ya cika waɗannan a sa masa alamar shekaru, 15 ko 18, a fasta da farkon fim, a bar shi ya fita.